Yadda Soja Ke Sallamar Mamacinsu

  Abin da zan yi muku magana a kansa yau abu ne mai nauyi, watau irin ban girman da soja ke yi wa ɗan'uwansu ran da za a binne shi. Ni akawu ne, aikina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, na kuwa ga wannan ma wani harshe ne da ke bukatar tafinta. Ga abin da ya sa na ce haka.

Wata rana ina zaune wurin aikina, sai ga wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, yana riƙe da ƙunshi. Muka gaisa, ya zauna, ya kwance ƙunshin. Sai ga tuta mai kore da fari a naɗe, da hular soja, da takalma, da wata takarda da aka rubuta da Turanci. Ya ce ɗansa ne ya rasu a bakin dāga can ƙasar Barno, aka aiko masa, ya je aka binne yaron a gabansa a maƙabartar soja. Na karanta masa takardar, ta ta'aziyya ce. Ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Malam, ba takardar ta kawo ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka gama salla aka sa shi a kabari, sai waɗansu suka jeru suna buga bindiga, wani kuma yana busa, sai ka ce hawan salla. Ni ina kuka, su suna wasa. Me yarona ya yi musu?"

Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Ba wasa su ke yi ba, makokinsu ke nan." Sa'an nan na bi masa abubuwan nan ɗaya ɗaya. Abin da na gaya masa shi zan gaya muku, gama kusan babu garin da ba shi da ɗa a bariki, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

INDA AL'ADUN SUKA FITO

Ku sani aikin soja irin na bariki ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1863 wani Bature, a na ce masa Glover, ya tara waɗansu Hausawa a Ikko, watau Legas, ya koya musu fareti. Daga nan sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsu. A 1897 Lugga, wanda ya zama Gwamna daga baya, ya kafa runduna ta tsaron iyakar Afirka ta Yamma, mutanen Arewa suka cika ta, har Hausa ta zama harshen bariki. Mazajen nan sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun yi a Habasha a 1941, sun ƙetare teku zuwa Bama daga 1943 zuwa 1945. Bayan mulkin kai kuma aka yi Kwango, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da Laberiya, da Saliyo, da faman da aka soma a Barno a 2009. Da ya ke Turawan Ingila suka hori rundunar tun tana ƙarama, yawancin al'adun jana'izarta daga wurinsu aka gada, kamar yadda aka gaji fareti da begila da sunayen muƙamai irin su kofur da saje da samanja.

TUTA

Abu na fari da za ku gani shi ne tutar ƙasa an lulluɓe makara ko akwatin gawa da ita. Mutumin Kazaure ba ya bukatar doguwar fassara a kan tuta. Ɗantunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure wajen 1819, yana cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ƙyalle ne kawai, amma duk wanda ya gan ta a hannun mutum ya san da izinin wa ya fito, ya kuma san wanda ke bayansa. To, tutar da a ke rufa wa soja ita ma haka ta ke. Ma'anarta, wannan mutum ba don rigimar kansa ya mutu ba, ƙasa ta aike shi, ita kuma ta karɓi gawarsa. Janar ne ko kurtun bara, tuta ɗaya a ke rufa musu.

Ba a binne tutar. Kafin a sa gawa a kabari sai a yaye ta, a naɗe a hankali, ba a bari ta taɓa ƙasa, wani babban hafsa ya miƙa wa magajin mamaci. Galibi a kan haɗa masa da hula da takalma, in hafsa ne har da takobi. Ƙunshin da dattijon nan ya kawo mini ke nan. In babban shugaba ne ya rasu, a kan sauko da tutocin ofisoshi da barikoki zuwa rabin sanda, don duk wanda ya ɗaga kai ya san a na makoki.

TAFIYAR SANNU DA KIFE BINDIGA

Soja mutum ne mai sauri, da sauri a ke koya masa tafiya tun ran da ya shiga. Amma ran jana'iza sai ku ga masu ɗauke da gawa suna takawa sannu sannu, ƙafa ɗaya ta ɗan tsaya kafin ta sauka. A wurinmu gaggauta kai mamaci makwancinsa shi ne girmama shi, don haka mai kallo ya kan ga kamar ɓata lokaci a ke yi. A wurinsu kuwa tafiyar nan rakiya ce, irin wadda mutum ke yi wa baƙon da ba ya so ya rabu da shi.

Za ku ga kuma masu gadin gawa sun juya bindigoginsu, baki yana kallon ƙasa, sun ɗora hannuwa bisa gindin, sun sunkuyar da kai. Ku tuna da hawan salla a ƙofar fada. In mahayi ya yi sukuwa ya zo gaban Sarki, sai ya ja linzami, ya ɗaga mashi ko takobi sama ya yi jinjina, watau yana cewa ga ni, ga makamina, a shirye na ke. To, kife makami kishiyar wannan ne. Ma'anarsa, yau babu faɗa, baƙin ciki ya sauke hannunmu.

A waɗansu ƙasashe a kan ja doki da sirdi ba mahayi a bayan gawar babban jarumi, a sa takalmansa cikin likkafa suna duban baya. An yi haka a Amurka a 1963, wajen jana'izar shugabansu Kenedi. Duk wanda ya taɓa ganin doki ya komo gida daga dāga shi kaɗai, sirdi wayam, ba sai an fassara masa wannan ba. A Ingila kuma a kan ɗora gawar sarki bisa keken igwa. Ran jana'izar Sarauniya Biktoriya, a 1901, dawakin da za su ja keken suka kawo cikas, sai sojan ruwa suka kama igiya suka ja da hannunsu. Abin da ya faru bisa tsautsayi sai ya zama al'ada, har a 2022 sojan ruwa ne suka ja gawar Sarauniya Alsabatu. Kun ga yadda al'ada ke somawa, wani lokaci daga ƙaramin abu.

BUGA BINDIGA

Yanzu mun zo kan abin da ya fi ɓata wa dattijon nan rai, ban kuwa ga laifinsa ba. Mu a nan ba mu saba jin bindiga a taro ba sai ran farin ciki, sa'ad da 'yan bindigar Sarki ke cika gari da hayaƙi ran hawa, ko ran naɗin sarauta. Wanda ya tashi da wannan, in ya ji ta a bakin kabari dole gabansa ya faɗi.

Ga yadda abin ya ke. Soja kaɗan su kan jeru gefen kabari, su ɗaga bindigogi sama, su buga gaba ɗaya, har sau uku. Albarushi ne kawai a ciki, babu dalma, ba ya cutar kowa. Game da asalinsa, an ce a yaƙe-yaƙen Turai na dā, in an gwabza har gawa ta yi yawa, sai ɓangarorin biyu su tsai da faɗa, kowa ya kwashe nasa. In sun gama sai su buga sau uku, don abokan gāba su san an kintsa matattu. Sabo da haka bugu ukun nan cewa ya ke yi, mun ɗauke ɗan'uwanmu, ba mu bar shi a fili ga ungulu ba. Wanda ya san yaƙi ya san babu alkawarin da soja ke so a cika masa kamar wannan.

Kada ku gama wannan da bugun igwa sau 21. Wancan gaisuwa ce ta shugaban ƙasa. Asalinta daga jiragen ruwa ne. A zamanin da ɗura igwa ke ɗaukar lokaci, jirgin yaƙi in ya doshi tashar waɗansu sai ya buge igwoginsa a iska, don a san ya zo da lumana, cikinsu wayam.

BEGILA

Busar da a ke yi kuwa, ba don jana'iza aka ƙage ta ba tun farko. A sansanin sojan Ingila na dā, in dare ya yi hafsa ya kan zaga ya duba masu gadi wuri wuri. In ya kai na ƙarshe sai a busa begila, watau aikin yini ya ƙare, an rufe sansani, wanda ke waje ya komo, kowa ya kwanta. Ko wane soja ya san muryar nan kamar yadda yaro ya san kiran uwarsa da magariba. Ita ce a ke busa wa mamaci. A na ce masa, gadinka ya ƙare, ka kwanta, waɗansu sun karɓe ka. Bayan an ɗan yi shiru, sau da yawa a kan bi ta da busar asuba, wadda ke ta da soja daga barci. Musulmi da Kirista duka sun gaskata da tashin ƙiyama, don haka ba wanda ma'anar wannan za ta ɓace masa.

A garin Ypres na ƙasar Beljiyam, inda mutane masu ɗimbin yawa suka hallaka a Yaƙin Duniya na Fari, tun 1928 a ke busa wannan busa ko wane dare da ƙarfe 8 a wata ƙofar gari. Ba a fasa ba sai shekarun da Jamus suka mamaye garin a yaƙi na biyu.

Daga ƙarshe manyan hafsoshi su kan matso ɗaya ɗaya, ko wanne ya ƙame ya sara wa kabarin. Ku lura da wannan da kyau. A dokar bariki ƙarami ke fara sara wa babba, babba ya amsa. Ran nan kaɗai babba ke fara sarawa, ya kuwa san ba za a amsa masa ba. Da na kai nan dattijon nan ya ce, "Ashe mai jan wuyan nan yarona ya ke gaisarwa?" Na ce, "Shi fa, Baba." Sai ya sa gefen rawaninsa ya share ido.

SALLA DA ADDU'A SUNA NAN A MATSAYINSU

Na san abin da ke ran waɗansunku. Kuna cewa, to, duk wannan bai shiga hakkin mamaci na addini ba? Hukunci na malamai ne, amma ga yadda a ke yi. Soja suna da limamansu na Musulmi da na Kirista a bariki. Musulmi a kan yi masa sutura, a sallace shi da kabbara huɗu, a kwantar da shi bisa gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Kirista a kan yi masa addu'a irin ta majami'arsu. Ban girman soja a gefe ya ke tsayawa, kafin wannan ko bayansa.

Misali na kusa da mu shi ne na Daura, maƙwabtanmu. Janar Muhammadu Buhari, wanda ya yi yaƙin basasa, ya yi mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya kuma yi na farar hula daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a Landan ran 13 ga Yuli, 2025. Aka sauko da tutoci rabin sanda kwana 7. Ran 15 ga wata aka sauke gawarsa a Katsina lulluɓe da tuta, hafsoshi suka rako ta da tafiyar sannu, aka kai ta Daura a mota. Mutanen Kazaure sun ga masu zuwa ta'aziyya daga Kano suna ratsa garinsu. A Daura liman ya shiga gaba aka yi salla, soja suka yi tasu sallamar, aka binne shi a cikin gidansa kamar yadda a ke binne ko wane Musulmi.

Kafin wannan kuma, ran 21 ga Mayu, 2021, jirgin sama ya faɗi kusa da Kaduna da shugaban sojan ƙasa, Janar Ibrahim Attahiru, da mutum 10 da ke tare da shi. A cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista. Kashegari aka kai waɗansu masallaci, aka kai waɗansu majami'a, sa'an nan aka tara su a maƙabartar soja ta ƙasa a Abuja, aka yi musu sallama guda. Mu da ke zaune a ƙasa irin ta Roni, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya, ya kamata mu riƙe wannan.

WAƊANDA BA SU DA KABARI

Akwai kuma waɗanda ba a sami gawarsu ba. A yaƙin Bama runduna biyu ta mutanen Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi fama da Japan cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi, har suka ci Myohaung a watan Janairu, 1945. Da yawa ba su komo ba. A Taukkyan, kusa da birnin Rangun, akwai maƙabarta, a tsakiyarta an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda su ke kwance ba. A cikinsu akwai sunaye irin namu. Iyayensu sun mutu ba su ga ko tudun ƙasa da za su tsaya su yi addu'a ba. Sunayen wuraren da aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe su aka sa wa barikoki don kada a manta, irin su Dodan da Myohaung a Legas, da Kalapanzin a Kaduna. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne a Kwango.

Don irin waɗannan aka ware rana guda ta tunawa. Yaƙin Duniya na Fari ya tsaya ran 11 ga Nuwamba, 1918, da ƙarfe 11 na safe. Da shekara ta kewayo Sarkin Ingila Joji na Biyar ya nemi kowa ya tsaya cik, a yi shiru minti 2. Nijeriya ta bi wannan rana shekaru da yawa, daga baya ta mai da tata ran 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ran nan a kan ajiye furanni a gindin dutsen tunawa, a busa begila, a yi shiru, a saki fararen tantabaru alamar zaman lafiya. Shirun nan bai bambanta da namu ba, in an wuce da makara mai tafiya ya tsaya, mai hira ya kame bakinsa.

ABIN DA YA RAGE A KANMU

To, jama'a, kun ji fassarar. In kun tattara ta duka, magana biyu ce. Ta fari ga mamaci, an ce masa ya gama aikinsa. Ta biyu ga masu rai, an ce musu akwai bashi a kansu. Ta farin ta kan ƙare cikin sa'a guda, a watse. Ta biyun ita ce mai wuya, gama alkawari kaya ne.

Yaron nan na ƙasar Gwiwa ya bar mata da 'ya'ya biyu. Matar ta yi takaba wata 4 da kwana 10, aka gama zaman makoki, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Daga nan fa a ke gane ko ban girman nan na gaskiya ne. Hukuma tana da nata rabo, watau ta biya magada hakkinsu ba tare da wahalarwa ba. Mu ma muna da namu, ga shi.

In kuna da ɗa a soja, ku tambaye shi tun yana da rai wa ya rubuta magajinsa a takardun bariki, don kada rigima ta tashi tsakanin uba da mata a bayansa. Ku rubuta lambarsa ta soja da sunan rundunarsa ku ajiye. In ta Allah ta kasance, duk takardar da aka ba ku ku adana ta inda gara da ruwa ba za su kai ba, kada ku ba kowa ta asali sai kwafinta. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Ga amfanin karatun da ku ke koyo ke nan, ku da kuka iya ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, kada ku karɓi ko kwabo. In wani abu ya shige muku duhu ku nemi ƙungiyar tsofaffin soja, su sun san ƙofofin. In kuma kun ga a na sayar da 'yar alamar tunawa kafin 15 ga Janairu, ku sani don taimakon tsofaffin soja da matan mamata da marayunsu aka yi ta. Abin da ya fi duka, ku leƙa gidan. Zumunta a ƙafa ta ke. Ku tambaya ko yaran suna makaranta, ko an nome gonar bana.

Da za mu rabu dattijon nan ya tambaye ni abin da zai yi da kayan. Ya ce dā niyyarsa ya ba wani takalman, tutar kuwa ya jefa ƙarƙashin gado don kada ya riƙa ganinta. Na ce kayansa ne, amma in ni ne, sai in ajiye wa jikan har ya yi hankali. Ya naɗe su kamar yadda ya zo da su, ya ce zai sa a cikin adaka tare da takardun gona. Na raka shi bakin hanya ya hau mota.

Iyakar abin da zan gaya muku ke nan. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.